Kwace waya ba zai raba yaranmu da AI ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in fitar da abin da ke cina a rai tun zangon karatun da ya wuce.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan Zariya. Na ba 'yan SS2 aikin gida, nace kowa ya kawo min karin magana goma da ma'anarsu. Washegari ina duba takardu sai na ga kusan rabin aji amsarsu iri ɗaya ce har waƙafi, kuma cikin goman akwai wai "tsuntsu ɗaya a hannu ya fi biyu a daji". Nace yaro a gidanku ka taɓa jin wannan? Ai Bahaushe cewa yake ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wani ma don tsabar lalaci har layin farko da manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya, ta rubuto masa, wai "tabbas, ga karin maganar da ka nema", ya kwafe shi tsaf ya kawo min. Wallahi dariya ta kama ni kafin haushi ya zo.

Da muka kai maganar ofishin malamai, yawanci cewa suka yi a kwace wayoyi a zane su kawai. To ai wayar ba a makaranta suka yi amfani da ita ba, a gida ne, wayar mama ko ta yaya, tunda yanzu ko a WhatsApp ma akwai Meta AI, ba sai ka sauke komai ba. Kuma waɗanda suka fi mu kayan aiki sun gwada hanin, makarantun gwamnati na birnin New York sun toshe manhajar AI ta ChatGPT a watan Janairun 2023, kafin ƙarshen Mayu suka janye da kansu.

Ni abin da na yi shi ne na shigo da tawa wayar aji, muka yi tambayar tare a gabansu, muka ɗauki amsoshin ɗaya bayan ɗaya, nace kowa ya je gida ya karanta wa kakarsa ko wani dattijo a unguwa ya ji wanne ne namu wanne ne na aro. Abin da suka dawo da shi ya fi wanda na nema tun farko, wata yarinya ta zo da guda bakwai da ni kaina ban taɓa ji ba, kuma tun daga ranar suka gane cewa na'urar nan tana iya shirga ƙarya ba tare da ko ƙifta ido ba. Na ba su labarin lauyoyin Amurka da alƙali ya ci tarar dala 5,000 a 2023 saboda sun gabatar da shari'o'in bogi da ChatGPT ya ƙirƙiro musu, basu duba ba. Nace in lauya ya sha kunya, ina kai ɗan SS2?

Yanzu dokata a aji mai sauƙi ce. Ka yi amfani da ita in kana so, amma ka rubuta a ƙasa cewa ka yi, sannan zan tashe ka tsaye ka yi min bayani da bakinka. Wanda ya kwafa kawai nan take ake gane shi, sai ka ga yana sosa ƙeya. Kuma na hana su saka hotonsu ko na wani ko lambar waya a ciki.

Matsalar ita ce mu malaman, da yawanmu bamu taɓa buɗe abin ba, yaran sun riga mu nisa. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2023 ta fitar da jagora kan AI har ta ce kada ɗan ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da ita a aji, amma malamai nawa ne a makarantunmu suka ji labari? Ina roƙon ma'aikatun ilimi na jihohinmu da kwalejojin horar da malamai su shirya mana bita ko ta kwana biyu ce, da Hausa, a lokacin hutu. Kuma a haɗa da kuɗin data, don albashin ba ya kaiwa.

Naku,
Wani malami daga Zariya