A ceto kaset-kaset ɗin wasannin da

Malam Edita,

Kullum a fada sai an tuna wasannin makaɗan jita na da a MJC, gidan matasa da al'adu na Damagaram, yadda waƙa ɗaya ke miƙewa har jama'a su jiƙe da gumi. To ina sautin yake? A Amurka, ƙungiyar makaɗa ta Grateful Dead ta bar masoyanta suna ɗaukar wasanninta, shi ya sa har yau ake sauraronsu bayan rasuwar jagoranta Jerry Garcia a 1995. Namu kaset ɗin kuwa suna cikin kwali, zafi da ƙurar hunturu na cinye su.

Mai tsohon kaset kada ya sa shi a rediyo kai tsaye. Zaren da ya daɗe yakan manne, ya tsinke. A fara juya shi da biro har ƙarshe, a dawo da shi. A goge kan ƙarfen da ke karanta zaren a cikin rediyon da auduga da alkol. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren. In ya faɗi, sauti zai dushe. In murya na ja, robar injin ce ta saki, a canza ta. Sannan a haɗa waya zuwa kwamfuta, a ɗauka da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, a ajiye a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, kofi biyu.

Muna roƙon gidajen rediyonmu su buɗe wurin karɓar wannan aiki.

Masu son kiɗan da,
Zango, Zinder