Godiya ga Kamfanin NNPC na Zariya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa ga shugabanni da ma'aikata baki ɗaya. Kada wani ya ɗauka da masu man fetur nake. Da kamfanin ɗab'in nan nake, wato Northern Nigerian Publishing Company, wanda tun 1966 yake fitar mana da littattafan Hausa.

Jikata ce, amaryar tawa 'yar shekara 11, ta sa na ɗauki alƙalami. Yarinyar nan in ka miƙa mata rubutun Hausa sai ta kama in'ina, amma a waya yatsanta ba ya hutawa. Da suka zo hutu na biya shagon littattafai na sayo mata Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, bugunku, sabo fil. Ta juya shi ta ce, "Kaka, wannan ai na tsofaffi ne."

Ban ja da ita ba. Bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma na fara karantawa da ƙarfi, kamar don kaina. Tana jin Liman ya sha kunya a fada don ya ce ruwan Bagaja ne maganin ɗan sarki, ta matso. Kafin Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin hamayyar tauraron labarin, ya gama shan wuyarsa ta farko, ta fizge littafin, wai ina jan karatu. Kwana huɗu ta sauke shi, tana tuntuɓe da kalmomi tana ƙyalƙyala dariya.

Ni ma na sake bin sa, sai na tarar ba littafin da na bari a firamare ba ne. A da aljanu kawai nake jira, da ranar da tauraron labarin, Alhaji Imam, zai ɗebo ruwan ya koma Kwantagora. Yanzu kuwa Zurƙe ne ke ba ni tausayi, don in za a faɗi gaskiya shi ma Alhajin ba waliyyi ba ne, wayo ya fi abokin nasa. Abin mamaki, Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta shi don gasar rubutu da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933. Yau shekara casa'in da ɗoriya, bai yi tsami ba.

Kwafina na dā gara ta cinye shi tuntuni. Da ba ku riƙe amanar buga shi ba, da sai dai in ba ta labarin da ka, rabi na manta, rabi na ƙara gishiri. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kamfani albarka, ya jiƙan Malam Abubakar Imam.

Ta tafi da littafin Kaduna ba ta ko tambaye ni ba. Shekaranjiya ta bugo waya, wai in ban aiko mata da littafin Ganɗoki ba, aurenmu ya mutu.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare, Funtuwa