Wasiƙa: Tsofaffin Jos Na Tafiya Da Labarin Garin Nan A Bakinsu

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana kan dattawanmu, kuma kayi haƙuri in ta yi tsawo, abin ne ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Mutane da yawa basu san cewa ranar 1 ga Oktoba ba ranar 'yancin kai kaɗai ba ce. Tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar a matsayin ranar tsofaffi ta duniya, to mu a nan sai ta faɗo daidai da bikin samun 'yanci, fareti da jawabin shugaban ƙasa su suke cinye ta, ba mai tunawa da tsoho. Abin dariyar ma, yaran da suka yi faretin farko da 'yar tuta a hannu a 1960 ai sune tsofaffin namu na yau, duk wanda yake firamare a lokacin yanzu ya ba saba'in baya.

Ni ba wa'azi nazo yi ba, malamai sun yi sun gaji, kowa ya san hadisin da yace baya cikinmu wanda baya jin ƙan ƙaraminmu kuma bai san girman babbanmu ba, kowa ya san ayar da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf". Gaisuwa kam mun iya, a durƙusa a ce Baba ina kwana, Hajiya an tashi lafiya, a miƙa ɗari biyar a ce a sayi goro. Zaman ne bamu iya ba. Minti biyar da zama an zaro waya, tsoho na magana ana ta "eh Baba, haka ne Baba" ido na kan TikTok. Kuma abinda ke bakin mutanen nan, musamman mu nan Jos, wallahi babu shi a wayar.

Akwai wani dattijo a layinmu, mu dai Baba muke ce masa, a barikin kuza aka haife shi can wajen Bukur. Da hantsi ake shimfiɗa masa buzu a jikin katanga inda rana ke bugowa saboda sanyin garin nan baya raga wa tsoho, ga 'yar rediyonsa da aka ɗaure murfin batir ɗinta da roba, ga goro a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen algarara. Shi ya fara gaya min maganar diban gwamna. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawan Ingila suka rasa inda suke samun mafi yawan kuzarsu, sai suka juyo kan Filato, aka rinƙa ɗibar mutane ƙarfi da yaji daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza, dagaci ne zai ware mutum ko yana so ko baya so. Mahaifin Baba a haka yazo daga ƙasar Katsina da riga ɗaya a wuyansa, mutumin da ya saba da zafi aka ajiye shi a bukka cikin hunturun Filato. Mutane da yawa sanyi da ciwo da ƙarancin abinci sun kashe su, wasu suka gudu da ƙafa, sai a 1944 aka daina. Mahaifin Baba dai bai koma ba, ya yi aure a bariki, matar tana ɗaukar ƙasa a kwanon sarki tana kaiwa wajen wanki. Yanzu jikokinsa suna nan suna tuƙa keke napep a Bauchi Road kuma in ka tambaye su me ya kawo kakansu Jos sai su ɗaga kafaɗa.

Kaga shi yasa in ka bi sunayen garuruwan kuza zaka ji Barikin Ladi, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar, Dorowa, Mai Adiko, duk tsofaffin sansanin leburori ne, kuma kusan kowanne in ka samu tsohon wajen yana da labarin yadda aka kafa shi. Waɗannan manyan kududdufan da muke gani hanyar Rayfield da Bukur, yara na zuwa ɗaukar hoto a bakinsu, ramukan da kamfanonin haƙar kuza irin su ATMN suka bari ne. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, dama aikin ya riga ya ja baya, aka bar mu da ramuka.

Wani abin kuma da Baba ke bani dariya da shi, lissafin kuɗi. Har gobe in ka bashi naira goma zai ce fam biyar, naira ɗari biyu kuwa jaka guda. Ba ruɗewa yayi ba, lissafinsa daidai ne, domin da aka canza kuɗi ranar 1 ga Janairu 1973 fam ɗaya ta koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, jaka kuma dama fam ɗari ce. Kafin nan akwai anini mai huda a tsakiya, goma ne suke yin kwabo, akwai ɗari wato rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara, sule kwabo goma sha biyu, sai sule ashirin su baka fam. Yanzu ka duba, mutumin da yake haɗa wannan lissafin a ka a tsakiyar kasuwa, ba biro ba kalkuleta, shi ne yau yaro zai kalla yace Baba bai waye ba don bai iya tiransifa ba. Muna cewa bani da ko sisi, ko ko anini, amma tara matasa goma ka tambaye su sisi nawa ne a sule kaga yadda za'a yi ta zare ido. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939 ai kwabo ɗaya ake sayar da ita.

Kafin canjin kuɗi da 'yan watanni an yi canjin hannu, ranar 2 ga Afrilu 1972 motoci suka bar hannun hagu suka koma dama don mu yi daidai da maƙwabta irin Nijar da Kamaru da Chadi. Samu tsohon direba a tasha ka tambaye shi wannan makon, ka shirya shan dariya.

Jirgin ƙasa ma haka. Yaran yanzu sun san Terminus a matsayin kasuwa da cunkoso, basu taɓa tambayar tashar me ba ce. Tun 1914 akwai wani ɗan siririn layin dogo daga Zariya zuwa Jos har Bukur, don kwasar kuza aka shimfiɗa shi, tsofaffi na cewa in ya zo hawan tudu sai ka sauka ka taka da ƙafa ka same shi a gaba, ni dai ina ganin a nan sun ɗan sa gishiri amma haka suke faɗa. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan, ƙaramin kuma aka rufe shi a 1957. Tsofaffin kawunan jirgi suna nan a ajiye wajen gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, kuma shi kansa gidan tarihin albarkacin kuza ne. Masu haƙa ne suka rinƙa tono kawunan mutum-mutumi na yumɓu, har wani da aka samu wajen Jama'a a 1943 wani ma'aikacin kuza ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye, kafin ya kai ga hannun wani Bature Bernard Fagg a nan Jos, aka gano abin ya haura shekara 2000 a duniya. Su ne yau duniya ta sani da kayan tarihin Nok. Mu kuma da Sallah muna zuwa gidan zu da ke gefensa mu kalli biri mu dawo.

In kana son kaga tsohon Jos ya miƙe zaune, ambaci ƙungiyar ƙwallon Mighty Jets. Su suka ɗauki kofin lig a 1972, kuma a wannan shekarar suka je wasan ƙarshe na kofin Chalenji a Legas da Insurance ta Benin, an zura musu biyu har mutane sun fara kashe rediyo, Sam Garba ya farke duka biyun ana dab da tashi. Da aka sake wasan a Ibadan aka ci su uku da biyu. Shekara hamsin da ɗoriya amma har yau in Baba na ba da labarin sai kaga jijiyar wuyansa ta tashi, shi a wajensa alƙalin wasa ne ya cuce su, kuma kar ka kuskura ka yi masa gardama.

To amma babban abinda yasa nace a zauna da su ba ƙwallo ba ne. Duk yaron da aka haifa bayan rikicin Satumbar 2001 ya buɗi ido ne ya ga Jos a rabe, wannan unguwar tamu ce waccan tasu ce, yamma ta yi kowa ya san inda bazai bi ba, ga na 2008 ga na 2010 sun ƙara zurfafa abin. A tunaninsa haka garin yake tun fil azal. Tsofaffin nan ne kaɗai suka rage waɗanda suka zauna gidan haya ɗaya da Birom da Ibo da Bayarabe da Angas, aka kai musu shinkafar Kirsimeti suka kai naman Sallah, suka yi layi tare a sinimar Kwararafa, suka kama shago jikin shago a babbar kasuwar Terminus kafin ta ƙone a 2002. Wata tsohuwa a dangin mahaifiyata har yanzu in ta tashi labari sai ta kawo sunan maƙwabciyarta Kirista da ta karɓi haihuwarta cikin dare, ta ce rabonta da ita tun rikicin farko, bata san ko tana raye ba. Irin wannan shaidar in ta fito daga bakin kaka tafi taron zaman lafiya na otal shiga kunnen yaro. Kuma kullum raguwa suke, duk sati sai an yi jana'izar wani.

Sannan Malam Edita dubi yadda muke musu a wajen gida. Lokacin wahalar canjin kuɗi na farkon 2023 na ga wani dattijo a wani banki, tun asuba yake layi da sandarsa, da ya kai gaba yarinyar kanta bata ko ɗago kai ba tace Baba jeka ka yi ta waya, ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila ya miƙa mata yace to 'yata yi min. Mutane suka kwashe da dariya, shi kuwa da gaske yake. Wajen rajistar katin ɗan ƙasa ma wata matsalar ce, na'ura taƙi ɗaukar zanen yatsan tsoho saboda shekaru da aikin ƙarfi sun shafe shi, a ce ya goga a riga, ya goga, a ce ya dawo gobe. 'Yan fansho kuwa sai a tara su tantancewa cikin rana, mutumin da yayi wa gwamnati aiki shekara 35 sai ya zo da ƙafarsa ya nuna bai mutu ba. An kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a Abuja, dokar ta tun 2017, madalla, amma tsohon da ke Gangare ko Unguwar Rogo kujera yake nema a banki da layi nasa daban a asibiti, kuma wannan ba sai an jira Abuja ba, manaja ɗaya zai iya yinsa gobe da safe.

Wanda yafi ɓata min rai shi ne na gigin tsufa. Tsohuwa ta fara mantuwa, tana kiran sunan matattu, ta fita bata gane hanyar gida ba, maimakon a kaita asibiti sai a fara ƙus-ƙus wai mayya ce, yara na jifa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa fa, likitoci sun san shi, kuma ba wanda ya isa yace shi bazai same shi ba in Allah ya ja kwana.

Ba wai nace duk mai furfura waliyyi ba ne. Akwai tsohon da shi ke zuga yara, akwai wanda ya kama kujera ya ƙi saki tun muna cikin zanin goyo, akwai mai ƙara wa labari gishiri har ya fi miyar yawa. Shi yasa ma nake so a ji daga bakuna da yawa, in wannan ya faɗa a je a ji na wancan, Musulmi da Kirista, maza da mata, don su matan an fi mantawa da su alhali sun fi riƙe sunaye da zumunci.

Roƙona gare ku shi ne ku buɗe fili ko rabin shafi ne duk mako, wakilinku ya je ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, tsohon leburan kuza, tsohon ma'aikacin reluwe, ungozoma, tela, direban tasha, malamin firamare na zamanin En'e, a buga da Hausarsu yadda suka faɗa ba tare da an goge ta ba, a sa hoto in sun yarda. Matasa masu karanta ta waya kuma, wannan wayar dai tana ɗaukar murya, a tambayi Kaka daga ina aka zo, wa ya haifi wa, nawa aka biya sadakinta, a tura a gurup ɗin dangi. In wakilinku na Jos zai zo, ya zo da hantsi bayan an karya, kafin azahar yawancinsu sun gaji, kuma ya taho da goro fari.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku mai karatu a kullum,
daga Unguwar Rogo, Jos.