Ɗakin ciyawa a gidan tarihin Minden

Ya Edita,

Ya kamata jaridarku ta yi rubutu kan gidan tarihin Pioneer Village da Harold Warp ya buɗe a 1953 a ƙaramin garin Minden, jihar Nebraska ta Amurka. Akwai ɗakin ciyawa irin na manoman da dokar rabon filaye ta Amurka ta 1862 ta ba kowannensu fili eka 160. Itace ya yi ƙaranci, sai su yanko ƙasa mai saiwar ciyawa kamar tubali, su jera ciyawar na kallon ƙasa, kaurin bango wajen ƙafa biyu. Rufin ne ke yawan yoyo.

Adana kayan gidan tarihi kuwa yana da wuya. Idan danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari, sirdi da takardu su yi funfuna. Idan iska ta bushe ainun, katakon amalanke ya tsage. Danshi kashi 45 zuwa 55 ake so.

Naku,
Wani mai karatu