Godiya Ga Sashen Gashin Ƙashi Na Asibitin Koyarwa Na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato

Assalamu alaikum.

Ni baduku ne, a Mabera nake zaune, kuma da hannun dama nake ci da iyalina. Bara cikin hunturu kabu-kabu ya kayar da ni, ƙashin damtsena ya karye. Karaya dai likitocin ƙashi sun gyara ta. Abin da ya hana ni barci shi ne wuyan hannun, wanda ya langaɓe kamar ganyen da rana ta buga. In na miƙa hannu sai tafin ya rataya ƙasa, yatsu su ƙi miƙewa, basilla ma ba ta zama a tsakaninsu. An ce mini jijiyar da ke kai saƙo ga tsokar da ke ɗaga wuyan hannu ta bi ne ta bayan wannan ƙashi, shi ya sa karayar ta taɓa ta. Haka aka turo ni wurinku.

Mu Hausawa amsar mara lafiya ɗaya ce. A ce maka ya jiki, ka ce da sauƙi, ko da kuwa riƙe ka aka yi ka zauna. Masu zuwa dubiya sun yi ta ce mini ai hannu ya yi kyau, ni ma ina cewa alhamdu lillahi, alhali dukkanmu muna kallon hannun yana lilo. A sashenku ne aka fara ba ni amsar da ba wannan ba.

Ranar farko wani matashin ma'aikacinku ya kife hannuna a kan tebur, ya ɗora yatsunsa biyu a bayan sangalin, ƙasa kaɗan da gwiwar hannu, ya ce, "Baba, ɗaga mini." Na yi iya yina har gumi ya keto mini. Ya rubuta 0 a kati. Na tambaye shi, ya ce sifiri na nufin tsokar ko motsi ba ta yi ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma bai bar ni haka ba, ya jawo kujera ya warware mini ma'aunin. Daga 0 zuwa 5 yake. In ya ji tsoka ta harba a ƙarƙashin yatsansa amma gaɓa ba ta motsa ba, 1 ke nan. In gaɓa ta motsa bayan an kwantar da ita yadda nauyinta ba zai ja ta ƙasa ba, 2. In ta ɗaga nauyin kanta har ƙarshe, 3. In ta ɗaga kuma ta jure dannawar hannunsa, 4. Ƙarfi cikakke, daidai da lafiyayyen hannun, shi ne 5. Ya ce a Ingila aka daidaita wannan ma'auni a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda sojojin da raunuka suka lalata musu jijiyoyi. Na ce to ashe ni da sojan Bature awo ɗaya ake mana.

Ya kuma gaya mini cewa jijiya in tana tsirowa, kamar milimita 1 take ci a rana, wajen inci guda a wata. Ya auna da tef daga inda karayar take zuwa tsokar farko, ya ce in shirya wa watanni, ba makonni ba. Wannan maganar ta hana ni yawon neman magani. Akwai wanda ya ba ni shawarar in je a tsaga hannun a zuba gari, kuma da ban san lissafin ba da na je.

Kafin jijiyar ta iso, kun sa mini abin roba mai tallafe wuyan hannu, kuka koya wa babban ɗana yadda zai riƙa lanƙwasa mini yatsu yana miƙarwa safe da yamma don kada gaɓoɓin su sandare.

Sifirin nan ya daɗe. Zuwa bayan zuwa, 0 ake rubutawa. Sai wata Talata, zafin bazara ya fara, matashin nan ya ɗora yatsu kamar kullum, ya yi shiru, ya ce in sake. Ya kama yatsan hannuna na hagu ya ɗora a wurin, ya ce, "Baba, ji da kanka." Wani ɗan motsi ne kamar harbin jijiyar ido. Hannun bai ɗaga ko kaɗan ba, wanda ke tsaye a bakin ƙofa ba zai ga komai ba. Ya rubuta 1. Na fita na zauna a ƙarƙashin dogon yaro na daɗe ban nemi abin hawa ba.

Daga nan abin ya yi ta tafiya. Ranar da na samu 2 ya kafa hannun a gefe, babban yatsa na kallon sama, tafin ya ja baya a kan tebur. Ranar da na samu 3 na ɗaga shi a kife. Na lura ba a haɗa hannun duka a ba shi lamba guda: wuyan hannu da lambarsa, yatsu da tasu, babban yatsa da tasa, kuma shi ya fi kowa nawa. Na kuma lura ba a yi muku wayo. Sau ɗaya na matse yatsu na dunƙule don wuyan hannun ya ɗan tashi, wata ma'aikaciya ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan satar amsa ce, saki yatsun." Ta rubuta abin da ta gani, ba abin da nake so ba. A ranar na ji haushi, amma saboda irin wannan ne na yarda da lambar duk ranar da ta ƙaru.

Yanzu wuyan hannu yana 4, babban yatsa yana 3. An gaya mini 4 gida ne mai faɗi, mutum kan daɗe a cikinsa kafin ya ga 5. Makon jiya na yanka jar fatar akuya na ɗinka alabe, na farko tun faɗuwata. Ɗinkin ya ɗan karkace a kusurwa ɗaya, don haka ba na sayarwa ba ne, yana aljihuna.

Ina godiya ga shugaban sashe, da ma'aikata maza da mata, da ɗaliban da ke koyon aiki a hannunku, har da mai kiran suna a bakin ƙofa. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku. Sai mun haɗu ranar awo na gaba.

Naku,
Wani baduku daga Mabera, Sakkwato