Daga Damagaram: Maganar Ɗaure Macen da Ta Zubar da Ciki

Ƙawata Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya sanyin Amurka, ya yara? Nan Damagaram hunturu ya sauka, ƙura har cikin tuwo.

Kin tambaye ni kan gardamar da ake yi a cocinku tun da kotun ƙolinku ta soke hukuncin Roe, wanda ya ba mata damar zubar da ciki, a Yunin 2022: macen da ta zubar da ciki, a ɗaure ta? Abin da ke cikin mahaifa rai ne, Zabura 139 ta gama wannan magana, zubar da shi kuma zunubi ne. Amma ɗaurin ban yarda da shi ba.

Mu a Nijar, sashe na 295 na dokar hukunta laifuka ya hau kan mai zubarwa, ya hau kan matar ita kanta. Dokar 2006 ta ba da dama kawai idan ran uwa ko lafiyarta na cikin haɗari, ko ɗan na ɗauke da mummunar cuta. To ki ga abin da tsoron gidan kaso ke jawowa. Yarinya ta sha jiƙo ko ƙwaya a ɓoye, cikin ya fita rabi, saura ya maƙale. Muddin akwai saura, mahaifa ba ta tsukewa, jini sai ya yi ta zuba. Cikin 'yan kwanaki sauran ya ruɓe, zafin jiki ya haura digiri 38, ruwa mai wari ya fara fita. Da ta zo da wuri, wankin ciki da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun isa. Ina! Tana ƙuryar ɗaki da tsumma tsakanin cinyoyi, tana tsoron jandarma, sai an kwaso ta a amalanke, idanu fari fat, ana neman mai ba da jini. An rasa ɗa, ga uwa na shirin bin sa.

Kuma likita ba ya iya bambance ɓari da cikin da ƙwaya ta zubar. Cikin mata goma da suka san suna da ciki, ɗaya zuwa biyu kan yi ɓari haka kawai. A ƙasar El Salbado har ɗaurin shekara 30 aka yanke wa matan da suka ce ɓari suka yi.

Iyayenmu na bangaskiya ba su raina laifin ba. Bishop Basil na Kaisariya kisa ya kira shi, amma tuban shekara goma ya ɗora, yadda taron shugabannin ikkilisiya na Ankira ya tsayar a shekara ta 314. Horon ikkilisiya ne, mai ƙarewa a teburin Ubangiji. A Yohanna 8 ma, mace kaɗai aka jawo gaban Yesu kan zina. Ina namijin? Hukuma ta bi mai sayar da ƙwayar a bayan kanti, da mai zura ƙarfe, da saurayin da ya miƙa jaka goma ya kashe wayarsa.

Ki faɗa wa zumuntar mata: duk wadda jini ke jiƙa mata auduga biyu a awa, har awa biyu a jere, a kai ta asibiti nan take, tambaya sai ta warke.

Ki gaishe min da Baban Dauda.

Taki,
Rahila