Wasiƙar Godiya ga Sashen Gashin Ƙashi, daga Ma'aikatan Jinya na Ɗakin Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum.

'Yan'uwa abokan aiki, mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a kan ɗawainiyar da kuke yi da waɗanda jijiyar jini ta fashe musu a ka.

Ga mai karatun da bai sani ba, bangon jijiyar ne kan yi rauni ya kumbura kamar balan-balan. Ranar da ya fashe, jini ya malala a kewayen ƙwaƙwalwa, sai mutum ya ji ciwon kai farat ɗaya wanda bai taɓa jin irinsa ba. Likita kan matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, ko ya bi ta cikin jijiya ya cike shi da siririyar waya. To amma da sauran rina a kaba. Tsakanin kwana na 4 da na 14 bayan fashewar jijiyoyin kan tsuke, jini ya kasa isa wani sashe, shi ya sa ake ba da maganin nimodipine, miligiram 60 duk awa 4, har kwana 21. Maganin yana saukar da ƙarfin bugun jini, don haka ba kwa zaunar da majinyaci sai kun auna jininsa. A bakin gado ake farawa, ƙafafu a ƙasa, da ya ce jiri sai a kwantar.

Babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda kuke koyar da dangi. Kuna nuna musu juya majinyaci duk awa 2 don kada baya da diddige su yi gyambo. Kuna hana su jan hannun da ya shanye, domin kafaɗar da tsokarta ta saki saurin gocewa take. Filo ake sa mata. Ba a ba majinyaci ruwa sai an gwada haɗiyarsa, kuma a zaune, saboda abin da ya sarƙe ya faɗa huhu shi ke kawo nimoniya. Sai gargaɗinku kan gashi da ruwan zafi a gida: fatar da ba ta ji sai ta ƙone mai ita bai sani ba.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Mutum zai miƙe ya yi tafiya, amma ga gajiya, ga mantuwa, ga saurin fushi, har a ce lalaci ne ko taɓin aljanu. Ku ne kuke zaunar da iyali ku fahimtar da su cewa ƙwaƙwalwa ce ke warkewa, abin kuma kan ɗauki watanni. Kuna jaddada musu barin taba da dagewa kan shan maganin hawan jini, kuma in barci ya yi yawa, ko tafiya ta rikice, ko fitsari ya fara kuɓucewa, a dawo asibiti nan take, don ruwa na iya taruwa a ka.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba majinyatanmu lafiya.